Ranar da Aka Ce Mun Zagi Unguwarmu

Ni ba malamar jami'a ba ce, kuma ban taɓa cewa ni ce ba. Aikina fassara, yawanci takardun 'yan kasuwar da ke shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa. A unguwar New Bell ta birnin Douala aka haife ni, nan aka haifi mahaifina, amma da na isa shiga sakandare sai aka tura ni wurin gwaggona a Zariya, can na koyi rubuta Hausa da ƙa'idarta. A Zariya 'yar Kamaru suke ce mini, da na dawo Douala kuma na zama 'yar Najeriya. Na daɗe da daina ɓata raina a kan wannan.

Abin da ya haɗa ni da ɗalibai shi ne wani kundin sani da ke intanet, wanda kowa ke iya karantawa, kowa kuma ke iya rubutu a ciki ko ya gyara abin da wani ya rubuta. Yana da sashen Hausa, na kuwa yi shekaru ina rubutu a can don sha'awa. Wata ƙawata da ke koyarwa a jami'a ta san da haka. Wata shekara ta ba ɗalibanta aiki, kowa ya rubuta maƙala ɗaya a kundin da harshen da ya ga dama. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar da za a rufe zangon karatu a tarar da maƙalar tana nan ba a goge ta ba, in an goge kuwa babu maki. Masu Faransanci ta riƙe su da kanta. Waɗanda suka ce da Hausa za su yi sai ta turo mini su, ko shawarata ba ta nema ba.

Haka falona ya koma aji duk safiyar Asabar. Ranar farko na ce kowa ya rubuta mini jimla ɗaya in ga hannunsa. Wani dogon yaro ɗan Garwa ya miƙo mini tasa yana murmushi, ya gama yarda da kansa. Ga abin da na gani: "Ina tchin touwo kouma ina chan chaï." Na yi dariya har da hawaye, su kuma suka tsaya suna kallona, ba su ga abin dariya ba. Ba laifinsu ba ne. Hausa a bakinsu take tun suna goye, amma alƙalami da Faransanci aka danƙa musu shi, don haka duk sautin da suka ji da haruffan Faransanci suke kamo shi. Muka shafe makonni muna korar "ou" da "tch" da "dj". Sannan muka shiga haruffa masu ƙugiya, waɗanda babu su a madannan kwamfutocinmu. Sai da na nuna musu cewa tsakanin "ya ba ta gida" da "ya ɓata gida" akwai abin da zai kai mutum gaban alƙali, sannan suka ɗauki ƙugiya da muhimmanci.

A cikinsu akwai wata yarinya, 'yar wani tela da ke layinmu, tana karanta labarin ƙasa. Kusa da ƙofa take zama, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu sai dai ka gaji ka bar ta. Ita ta zaɓi ta rubuta a kan unguwarmu. Tun ranar da ta zaɓa na ga tana ɗari-ɗari, na tambaye ta dalili.

Ta ce, "Malama, ni tsoro nake ji. Hausarmu ta magana ce kawai, ba ta rubutu ba."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"In Baba ya aike ni kasuwa sayen zare, mutanen nan da suka zo daga Kano kwanan nan suna sa ni in maimaita magana don su yi dariya. Wai Hausar bakin teku, ta sha gishiri."

Na san su sarai, ni ma sun gwada ni. Na ce mata su sayar da zarensu, ita kuma ta buɗe kwamfuta, ba na son in ƙara jin wannan magana a falona. Na faɗa da faɗa-faɗa, don abin ya sosa mini rai fiye da yadda na nuna.

Ta kuwa yi aiki. Kundin ba ya karɓar "na ji kakata ta ce", kowace magana sai ka nuna littafin da ka samo ta, har da shafi. Wannan doka ta fi komai ba ɗalibaina haushi, domin su a ganinsu abin da kowa ya sani a unguwa ba ya bukatar shaida. Ita ba ta yi gardama ba. Ta dinga zirga-zirga ɗakin karatu na jami'a tana tono littattafan tarihin gari da Faransanci, ta dawo ta mayar da su Hausa jimla-jimla. Ta rubuta yadda fatauci ya kawo kakanninmu, ta rubuta masallatai da kasuwanni, da masu gasa nama da yamma, da yadda ruwa ke shiga gidaje in damina ta yi ƙarfi. Duk Asabar in ja mata layi a ƙarƙashin kurakurai, Asabar ta gaba in tarar sun ragu.

Saura kaɗan a rufe zango aiki ya kai ni Yawunde. Ina can ta gama, ta ƙara jimlar buɗewa wadda ban gani ba, ta wallafa. Jimlar ita ce: "New Bell babbar kwata ce a birnin Douala, inda Hausawa suka daɗe da zama."

A wurinmu babu komai a cikin wannan magana. Kwata a Douala unguwa ce, mun aro kalmar daga Pidgin, Turancin kasuwa da kowa ke yi a garin nan, kuma mutum zai dafa ƙirji ya ce "ni ɗan kwatar nan ne". Amma a Kano da Zariya kwata ita ce magudanar ƙazamin ruwa, ko kuwa inda ake yanka dabbobi. Yawancin masu rubutu a sashen Hausa kuma mutanen can ne.

Ran da na dawo da la'asar ana tsuga ruwa, ko jakata ban kwance ba na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ita ce, a jiƙe sharkaf, ta rungume kwamfutarta a cikin leda. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba ta buɗe ta juyo mini da ita. A saman maƙalar an liƙa wani jan akwati mai cewa an nemi a goge ta. A shafin tattaunawa, inda marubuta ke muhawara kafin mai kula da kundin ya yanke hukunci, wani ya rubuta: "Wannan cin mutunci ne, an kira unguwar bayin Allah kwata. Hausar ma ba ta zauna ba, da alama inji ne ya fassara. A goge."

Ta ce, "C'est fini, Malama, shi ke nan. Ai na gaya miki. Zan mayar da ita Faransanci in kai wa Madame, ƙawarki da ta ba mu aikin, ko rabin maki ne ta ba ni. Ba zan ƙara rubuta Hausa ba."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta tayar mini da hankali, ba makin ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Inji! Yarinyar da na ga tana goge kalma ɗaya tana sake rubutawa har sai ta gamsu, ita ce inji? Na fizgo kwamfutar na fara zuba wa mutumin amsa. Na tambaye shi ko shi ya haifi Hausa, na tambaye shi ko ya taɓa taka ƙafarsa ya wuce Mubi, na ƙara da wasu abubuwan da ba zan maimaita a nan ba. Tana tsaye a bayana tana karantawa, ruwa na ɗiga daga mayafinta.

A hankali ta ce, "Malama, ba ke kika ce ba a faɗa a kundin ba?"

Na harare ta, na goge abin da na rubuta. Na ba ta zane ta canja, na haɗa mata shayi, ni ma na samu na huce. Sannan na gaya mata gaskiya, cewa abin ba shi da wuya. Mutumin bai san kalmar ba ne. Ta cire "kwata" ta sa "unguwa", mu bi sauran jimlolin mu gyara, gobe war haka an cire jan akwatin.

Na zaci za ta yi murna. Sai ta ajiye kofin.

Ta ce, "In na cire, ya zama ya yi gaskiya ke nan? Cewa zagi na yi?"

"Ba haka ba ne, 'yata. Sauƙi nake nema miki."

"Baba kullum cewa yake kwatarmu. Liman ma haka yake faɗa in yana roƙa mana zaman lafiya. Duk zagi suke yi?"

Yarinyar da ta shigo tana cewa ta bar Hausa har abada, ga ta ta kafe a kan kalma ɗaya. Na ce mata to ta sani, in tana son kalmar ta zauna sai ta kawo mata shaida kamar kowace magana, kuma lokaci ya ƙure, in mai kula da kundin ya goge kafin ta kawo, makinta ya tafi. Ta ce ta ji.

Washegari ta koma ɗakin karatu, ta samo wani ƙamus na Pidgin ɗin Kamaru wanda ya kawo kalmar da ma'anarta. Ta sake jimlar buɗewa ta koma haka: "New Bell babbar unguwa ce a birnin Douala. Mazaunanta na ce wa unguwa kwata, kalmar da suka aro daga Pidgin." Ta sa sunan ƙamus ɗin da shafi. Muka bi maƙalar daga sama har ƙasa, duk inda ta mayar da kalmar mace ta namiji, kamar yadda bakinmu na nan ya saba, muka gyara, domin ƙa'ida ƙa'ida ce. Da muka zo kan amsar da za a ba mutumin sai na tura mata kwamfutar, na ce tata ce.

Ga abin da ta rubuta: "Assalamu alaikum Malam. Ni ce na rubuta, ba inji ba. Ni ɗaliba ce, a New Bell aka haife ni. A wurinmu kwata unguwa ne, ba zagi ba ne, na sa shaida a ƙasa. Ban san ma'anarsa a wurinku ba, yanzu na sani, na gode. Wannan shi ne Hausar da na tashi da shi. In akwai kuskure a gyara mini, amma don Allah kar a goge."

Na ga "unguwa ne", na ga "Hausar da na tashi da shi", hannuna har ya miƙa. Sai na janye shi. Wannan ba maƙala ba ce, maganarta ce, kuma ina son mutumin ya ji muryar da ya kira inji. Ta danna ta aika.

Daga nan sai jira. Sauran ɗaliban duk maƙalunsu sun zauna lafiya, har da ta ɗan Garwa a kan kiwon shanu, amma kowa idonsa na kan tata. Ni kuwa ina tsakiyar aikin mutane sai in tsinci kaina na buɗe shafin, in ga jan akwatin na nan, in ja tsaki in rufe. Na fara tunanin ko na yi wauta da ban tilasta mata ta bi hanya mai sauƙi ba. In aka goge, da wane ido zan kalli mahaifinta, wanda kullum in na wuce shagonsa sai ya ɗago daga keken ɗinki ya ce, "Malama, yaya ɗalibarki?"

Ana jibi za a rufe zango ina cikin tasi a unguwar Akwa, mun cushe mu huɗu a baya, go-sulo ya riƙe mu, wayata ta yi ƙara. Ita ce.

"Malama, sun cire! An cire jan abin!"

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfin da ya sa matar da ke gefena ta zabura. Ta ce in tsaya, ba ta gama ba, mutumin da kansa ya janye ƙorafinsa, kuma ya bar mata saƙo. Ta karanta mini: "Ki yi haƙuri ƙanwata, na yi gaggawa. Yau na ƙaru da kalma. Ki ci gaba da rubutu, muna bukatar irinku. Amma ina da tambaya, tunda kwata ta zama unguwa a wurinku, me kuke ce wa inda ruwan datti ke bi?"

Na fashe da dariya a cikin tasin. Ban taɓa jin alfahari da wani aiki nawa ba kamar yadda na ji a wannan lokaci, alhali ko harafi ɗaya ban rubuta a amsar ba.

Na ce, "To me za ki ce masa?"

"Rigol mana. Shi ya sa ma na kira. Malama, yaya ake rubuta ta? Rigol, ko rigwal, ko a ƙara mata wasali a ƙarshe?"

 Kalma ce da muka ɗauko daga Faransanci, na tashi ina jin ta a bakin kowa a layinmu, amma ban taɓa cin karo da ita a takarda da haruffan Hausa ba.

Na ce, "Ban taɓa ganin an rubuta ta ba, 'yata. Ina jin ke ce ta farko. Yadda kika rubuta, haka za mu bi."

 Sai na ji tana maimaita kalmar ƙasa-ƙasa, tana juya ta a baki.

Ta ce, "To bari in yi tunani tukuna, Malama. Kar in yi gaggawa."