Wa Ya Sallama Maka?

Shekarar da likita ya tura Inna asibiti a Abuja, na rantse ba za ta bi hanyar Kaduna ba, don masu garkuwa sun hana kowa sakat. Sai dai jirgi daga Kano.

Kamfanoni biyu ke rige-rigen karya farashi a hanyar. Ina shagona na hatsi a Funtuwa, idona a waya: wannan ya rage, wancan ya ƙara ragewa. Da kuɗin ya sauko daidai ƙarfina, na ce a raina an sallama. A kasuwarmu, kayan da aka sallama ba ya tashi. Na ajiye waya, na tafi sallar la'asar.

Ina dawowa na tarar kuɗin ya ninka, kujera biyu kacal suka rage. Nan take na kira maƙwabcina, na sayar masa da masarata yadda ya taya, na biya.

Da na ba Inna labari ina huci, sai ta dube ni.

"Da wa ka yi cinikin?"

"Da waya, Inna."

"To wa ya sallama maka?"