Gwaggo Ba Ta Shirya Ba Tukuna

Ƙafarta ta dama na fara lura da ita. Muna zaune a bas, ni da Gwaggo, yayar mahaifina, sai na ga duk lokacin da direba ya doshi danja, ƙafarta takan ɗaga, ta matsa hagu kaɗan, ta danna ƙasan motar a hankali. In ya tashi, sai ta koma dama. Fuskarta kuwa ba ta nuna komai ba, hira take yi da matar da ke gefenta a kan tsadar sabulu. Burki take takawa tare da direban. Ban ce mata uffan ba, don ni ba gwanar magana ba ce, amma daga ranar na san akwai abin da take saƙawa a ranta.

Lokacin ina shekarar farko a jami'a, ina zaune a gidanta saboda ya fi kusa da makaranta. Gida ne mai ɗaki biyu da falo, da ɗan fili a gaba. A filin akwai rumfar kwano, a ƙarƙashinta kuma akwai farar mota ƙarama, ta mijinta marigayi.

A asibiti Gwaggo take aiki, a wani ɗaki mara taga da ke bayan ɗakin tiyata. Ita ke karɓar almakasai da hantsakai da sauran ƙarafan likitoci bayan an gama aiki da su. Ta wanke, ta goge, ta ɗaga kowanne ta duba haƙoransa a fitila, ta jera su a faranti, ta naɗe da ƙyalle, ta sa a injin da ke gasa su da tururi. In ta yi shakkar faranti ɗaya, ko da likita yana tsaye yana buga ƙafa, sai ta kwance shi ta sake daga farko. Takan ce a wurinsu ba a cewa “da dama-dama”, domin cikin mutum za a buɗe. Likitoci suna ƙorafin jinkirinta, amma in aiki mai wuya ne, farantinta suke nema.

Babana ne ya ba ni labarin abin da ya sa take taka burki a motar haya. Wata rana da yamma mijinta ya dawo daga aiki, ya ajiye mota, ya zauna zai cire takalmi, sai ya kife. Gwaggo ta zaro makullin daga aljihunsa ta fita da gudu. Ga mota, ga makulli a hannu, ga asibitin da take aiki ba nisa, amma ba ta san ko inda ake taka me ba. Ta bi gidajen maƙwabta tana buga ƙofa. Kafin a samo wanda ya iya tuƙi, a kai shi, rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce mata ko da a ƙofar asibitin ya faɗi ba lallai ne ya tashi ba. Ta ji su, amma maganar ba ta shiga ba. Ta hana a sayar da motar, ta kuma yi wa kanta alkawari: sai ta iya tuƙi, sai ta karɓi lasisi, sai ta hau babban titi da hannunta, don kada ta sake tsayawa da makulli tana kallon mota.

Sai ta fara shiri, irin shirin da ta iya.

Ta ce abu na farko shi ne zuciya, domin ko ganin motar ta yi sai tsoro ya kama ta. Don haka kullum da safe kafin ta tafi aiki takan shiga ta zauna a kujerar direba, ta rufe ƙofa, ta ɗora hannu a sitiyari, ta yi ta jan numfashi har tsoron ya lafa. Da wannan ya zauna mata, sai ta fara tayar da injin tana sauraron ƙararsa. Ta haddace alamomin hanya kaf. Ta sa wani bakanike da ke bakin layinmu ya nuna mata yadda ake duba mai da ruwa da canza taya. In muna cin abinci, sai ta lumshe ido ta bi hanyar asibiti da baki.

“Na fito daga layi, na duba dama, na duba hagu. Ga mai kayan miya ya baje a bakin titi, na kauce masa. Ga shataletale, na rage gudu, na ba na ciki hanya...”

“Yaya, kin iso kuwa?” in ji Babana wata rana da ya zo ya tarar da ita a haka. “Ko in je in dawo?”

“Rufe min baki. Ka sa na wuce kwanar.”

“To yi ribas.”

Ta buɗe ido ta harare shi. “Kai da ka koyi tuƙi da motar mutane, ka rushe musu katanga, kai ne za ka yi min dariya? Ba a fafe gora ranar tafiya.”

“Gorar nan taki, Yaya, an fafe ta har ta kusa hujewa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.”

Daga baya ta samu malamin tuƙi, wani dogon mutum mai haƙuri wanda kowa ke kira Sannu-Sannu, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Ranar da ba ta da aiki yakan zo ya ja motar zuwa wani fili a bayan tsohuwar masana'anta, ya jera mata tayoyi, su yi musayar kujera. Nakan bi su in zauna a baya da littafina. Gaskiya Gwaggo ta iya. Ba ta taɓa taɓa taya ɗaya ba. Takan shiga tsakaninsu da baya kamar ana zura zare a allura.

Ba a yi wata uku ba ya ce mata, “Mama, ni dai na gama nawa. Yau ke za ki mayar da mu gida.”

“Ta titi?”

“To ta sama za mu bi?”

“Ban shirya ba tukuna.”

“Mama, wallahi na sa waɗanda ba su kai rabinki ba a titi, ga su can suna yawo.”

“Shi ya sa kullum muke cikin wanke ƙarafa,” in ji ta. “Ni nake ganin abin da ake kawowa daga titin nan naku.”

Ya yi dariya ya karɓi makulli. Haka aka yi ta yi. Kullum akwai abu ɗaya da ya rage. Ba ta gwada tsayawa a kan gangara ba. Da ta gwada, sai ta ce ba ta san yadda mota ke yi a ruwan sama ba, a jira damina. Damina ta zo ta wuce, sai ta ce madubin hagu yana rawa, a gyara. Aka gyara. 'Yarta da ke aure a wani gari ta haihu, ta tafi ta yi makonni, da ta dawo ta ce hannunta ya manta, a koma kan tayoyi. Sau biyu Sannu-Sannu yana sa mata ranar gwaji a ofishin lasisi, sau biyu tana aika masa cewa a ɗaga.

Na taɓa tambayarta, cikin jin nauyi, me take jira.

“'Yar shiru, yau kin yi magana?” Ta ajiye kofin shayinta. “Ina jiran ranar da zan zauna a kujerar nan in ji babu ko ɗigon tsoro. In da saura, to farantin bai haɗu ba.”

“In kuma tsoron ba ya ƙarewa fa, Gwaggo?”

“Zai ƙare. Komai in aka wanke shi sosai yana fita.”

Na gama jami'a, na samu aiki a wani ofishi, ina nan dai a gidanta. Sannu-Sannu ya yi furfura a gemu. Bakanike ya canza wa motar batir har ya gaji, yana cewa zama ke kashe mota, ba tafiya ba, gara ta sayar masa. Gwaggo kuma ta fara ture kofi in an ajiye a gefenta, takan yi karo da gefen ƙofa, in ka zo ta gefe ka yi mata magana sai ta zabura ta juyo da kanta gaba ɗaya. Duk muka ɗauka gajiya ce da yawan tunani. Ita ma haka ta ɗauka. Ƙarafanta dai tana ganin haƙoransu tar, don a gabanta take riƙe su.

Wata safiya ta fito daga motar ta same ni ina shanya. Fuskarta a sake, kamar wadda aka sauke wa kaya.

“Na shirya,” ta ce.

“Tsoron ya tafi?”

“Bai tafi ba. Jiya aka kawo wani dattijo, matarsa ce ta tuƙo shi. Na gan ta a baranda, ƙafa ba takalmi, jikinta yana ɓari kamar mazari. Ta hau kan dakalin asibiti da taya, ta fasa fitila ɗaya. Amma ta kawo shi.” Ta waiwaya ta dubi motar. “Ashe da tsoron ake tafiya. Ba wanda ya gaya min.”

“Baba ya gaya miki.”

“Ubanki ba ya gaya wa mutum magana, sai dai ya jefe shi da ita.”

Ranar gwajin na nemi izini a wurin aiki na raka ta. Sannu-Sannu ne ya ja mu zuwa ofishin lasisi, yana ta tsokanarta cewa daga yau ya rasa abincinsa. Ta sa takalmi mara tsini, ta ɗaure ɗankwali tamau don kada ya zamo mata. Muka zauna a benci cikin samari da 'yan mata waɗanda duk ta haife su. Kafin a fita fili, ana fara shiga wani ƙaramin ɗaki a duba ido.

Haruffan allo ta karanta su har layin ƙasa. Sai ma'aikaciyar ta sa ta leƙa cikin wata na'ura, ta ce ta kalli tsakiya, duk lokacin da haske ya ƙyafta a gefe ta ɗaga hannu. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakarta. Gwaggo ta zauna ƙyam, hannunta a cinya, tana jira.

“Mama, kin fahimci abin da na ce?”

“Na fahimta, 'yata. Ki fara.”

Ma'aikaciyar ta dube ni, sannan ta dube ta. “Ai na daɗe da farawa.”

Aka sake. Hannun ya ɗaga sau ɗaya ko biyu, ya koma. Matar ta cire tabarau ta yi magana a hankali. Ta ce ba za ta iya tura ta fili ba, ta je likitan ido ya gan ta, yau ba gobe ba.

Asibitin da Gwaggo take aiki muka wuce. Likitan ido ya san ta, har ya miƙe ya ba ta kujera. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe-gefe ba tare da ciwo ba, har sai mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Akwai maganin ɗigawa da zai tsare abin da ya rage. Wanda ya tafi kuwa ya tafi.

“Tuƙi fa?” ta tambaya.

“Mama, yaro zai fito ta gefenki ba ki gan shi ba.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi musu ba, ita da ta san abin da ake kawowa daga titi. Can ta ce, “Da na zo gwajin nan tun farkon da aka sa min rana fa?”

Likitan ya juya biro a hannunsa. “Da wataƙila kin wuce. In ma ba ki wuce ba, da mun kama shi da wuri.”

Sannu-Sannu ya ja mu muka kama hanyar gida. Da muka zo daidai kwanar filin bayan masana'anta ya rage gudu, ya ce in tana so su shiga ta ɗan zaga, ai can babu kowa.

“A'a,” in ji Gwaggo. “Filin nan na san shi. Titin ne ban sani ba.” Ta juya kanta gaba ɗaya tana kallon motocin da ke wuce mu. “Ko sau ɗaya fa. Ko daga nan zuwa gida. Ka ce in mayar da mu, na ƙi.”

“Mama, haka Allah Ya so.”

“Haka ne. Amma ni ma na taya.”

Babana yana zaune a ƙofar gida yana jiranmu, da lemo a leda, ya shirya tsokanarsa. Da ya ga fuskokinmu sai ya haɗiye ta. Gwaggo ta ce masa in bakanike yana son motar har yanzu, ya zo gobe su yi magana.

“Yaya, ki bari ki huta tukuna, ba gaggawa.”

“Kai ma yau ka koyi cewa a jira?”

Sannu-Sannu ya shigar da motar ƙarƙashin rumfa ya yi sallama. Gwaggo ta sa ni na ɗiga mata maganin, ta zauna ido a rufe har ya daina yaji. Sannan ta tashi ta buɗe ƙofar direba, ta ciro ɗan matashin da take ɗorawa a kujera don ta hango gaba, ta kakkaɓe shi a jikin ginshiƙin rumfar, ta cire rigarsa ta jefa cikin kayan wanki.