Ranar da Na Ci Kawuna a Dara

A bakin rijiyarmu, can ƙasar Dakoro, tun ba a san Nasara ba, mutum ɗaya ake ce wa gwanin dara: kawuna, wan uwata. Shi ya koya mini. Gurbi talatin a cikin rairayi, shi da tsinken kara goma sha biyu, ni da kashin raƙumi goma sha biyu. Ka jera uku, ka ɗauke ɗa guda na abokin wasanka.

Ni kuwa sunan nan nake so, kamar in mutu. Na ci manoma, na ci Fulanin da ke kawo shanu shan ruwa, amma ko mutum guda bai ce mini gwani ba. Na tambayi kawu mi ya rage. Ya ce, "Ɗana, ci ka iya. Tashi ne ba ka iya ba."

Na san abin da yake nufi, ƙi na yi. Al'adarmu, in yaro ya ga ya rinjayi babba, ba ya ƙarasawa. Sai ya ce rana ta yi, dabbobi na jira, ya shafe gurabun da tafin hannu. Duk wanda ke wurin ya ga wanda ya ci, amma ba a faɗi.

Wata rana da rani Buzaye suka sauko daga wajen Tagriss da gishiri, suka ce sun ji labarin gwaninmu, a nuna musu. Kawu ya kira ni, da fara'arsa, mu yi wasa ni da shi, don ya yi alfahari da ni. A lokacin idonsa ya fara hazo, kuma wallahi na sani. Sau biyu yana kai hannu ga gurbin da ba shi yake nufi ba.

Ɗiyansa na dara suka koma biyar. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Kai, shanunku fa?" Na yi kunnen uwar shegu. Na ci, na ƙara ci, har ya rage da biyu. Kaico! Har dariya na yi, na ce, "Kawu, yau dara ta ci gida."

Ba wanda ya taya ni. Buzayen suka ja rawani suka koma wajen raƙumansu. Kawu ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ce, "Madalla, ɗana," ya tafi.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Fura muke sha ƙwarya ɗaya, gona muke zuwa tare, amma bai sake zama bakin dara ba. Shekara bakwai ina zana gurabu ƙofar gidansa ina roƙo, yana cewa gwiwa ce ke damunsa. Ƙarya yake, don ya rufa mini asiri.

Yanzu na wuce shekarun da ya yi a duniya. Ba wanda ya taɓa ci na tun daga ranar, kuma har yau in baƙo ya tambayi gwanin dara, sai a ce masa ai ya rasu.