Dawar Tukunyar Ubangiji

A garinmu can kudancin Kaduna, mace ba ta ɗora tuwo sai ta cika tafin hannunta da hatsi ta zuba a wata tukunya daban. Tukunyar Ubangiji ake ce mata. Da wannan al'ada na zo Gwarzo lokacin da mijina ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi, na kuma tarar matan cocinmu, namu da 'yan Filato, suna yin haka. Ƙarshen wata kowa ta kawo abin da ta tara a juye a buhu ɗaya, sai shugabar zumuntar mata, wata tsohuwa da muke kira Mama, ta zaɓi gidan da ya fi shiga matsi a kai masa.

Ni ce mai kaiwa, saboda Allah ya yi ni da ƙafa da baki. Na iya shiga gidan mutane da tsokana, in jingine buhun a bayan ƙofa kamar mantuwa na yi, in fice kafin matar gida ta fara hawaye. Tukunyata ma ta fi ta kowa cika. Malam, wato mijina, yana noman gonar aro a Mainika, ni kuma ina saro jar kaura daga ƙauyukan Kabo da kaka, in ajiye sai ta yi daraja. Kowace safiya muna durƙusawa mu roƙi Allah abincin ranar, amma fa da buhuna jere a ɗaki nake roƙon. Bakina ne ke yi, cikina bai san zancen ba.

Farkon wata damina Malam ya faɗi a aji, ɓarin jikinsa ya shanye. Muka yi ta zaryar asibiti a Kano, buhunan suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya. Makaranta ta ɗauki wani malamin. Gonar kuwa ciyawa ta cinye ta, don ba mai noma, ba taki. Kafin tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ni da yarana uku mun koma kunu, kunun ma kullum ƙara masa ruwa nake. Ban gaya wa kowa ba. Ranar Lahadi in ɗaura ɗankwalina ya tashi sama, in yi waƙa fiye da kowa.

Ranar taron ƙarshen wata na kakkaɓe buhun ƙarshe, ƙura kawai ta fito. Na juya, ga tukunyar nan a bayan ƙofa da dawa kusan rabi. Tuwon kwana biyu ne a ciki, ko ma fiye idan na yi dabara. Na tsaya a kanta. Malam yana kwance a tabarma yana kallona, da ƙyar ya haɗa maganar da karkataccen bakinsa.

"Maman yara, ba namu ba ne."

"To namu ina yake, Malam?"

Ya juya fuska ga bango, na ga kafaɗarsa mai lafiyar tana rawa. Na yi wa yara kwaɗon tafasa ba ƙuli, na ɗauki tukunyar na tafi coci raina a ɓace. Ba don tsoron Allah na kai ba, kunyar idon mijina ce. Da nake juyewa a buhun, a zuciyata na ce, ga kayanka nan, ni ban san abin da kake nufi da mu ba.

Ranar nan Mama ba ta ambaci gidan kowa ba. Da na miƙa hannu zan ɗauki buhun kamar kullum, sai ta ce, "Bari, 'yata, yau ki huta."

Ban daɗe da komawa gida ba na ji sallamarta. Ita da ciwon gwiwarta, da buhun a ka. Ta gaida Malam da jiki, ta tambayi yara, ta tambayi damina, ta tsokane ni wai ɗankwalina zai taɓo rufin coci wata rana. Tana magana tana matsawa bayan ƙofa. Na san kowane taku, ai salona ne. Ban taɓa sanin haka abin yake da zafi daga wannan ɓangaren ba.

Na ce, "Mama, don Allah, akwai waɗanda suka fi mu buƙata."

Ta ce, "Na duba, 'yata. Wannan watan babu." Ta fita da sauri yadda nake yi, ta bar ni tsaye.

Na kwance bakin buhun. Masara ce da gero a gauraye, ga jar kaurata warwatse a ciki, ina gane ta ƙwaya ƙwaya. Sana'ata hatsi ce, da ido na san ba zai kai mu kaka ba, kuma wata mai zuwa wani gidan za a duba. Ba abin da ya rage da zan sayar, ba dabarar da ban yi ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka har ya ishe ni.

Da na tashi auna na tuwo, hannuna ya cika kansa kamar yadda ya saba. Na tsaya da shi a kan tukunyar Ubangijin da ba komai a cikinta, ina kallon yara a tsakar gida suna hura mini wuta. Sai na buɗe hannun. Ƙwayoyin suka yi ƙara a gindin tukunya, Malam ya ji.

Ya ce, "Idan wannan ya ƙare fa?"

Na ce, "Ban sani ba, Malam. Na yau dai ya zo."

Washegari da muka yi addu'ar safe muka kai wurin roƙon abincin ranar, muryata ta ƙi fita. Yara ne suka ƙarasa.