Malam Umaru, ban shinshina ƙasar ba

Da safen nan ina ɗaura buhun taki a babur aka kira ni daga Anka: Malam Umaru ya rasu.

Ga wanda bai san shi ba, ma'aikacin muhalli ne. Shi ya zo mana lokacin da tankar man gas ta kife a bakin fadamar mahaifiyata a Gummi, man ya nutse cikin ƙasa, shinkafar ta ƙone tsaye.

Mu manoman fadama magani ɗaya muka sani: ruwa. Har na jawo injin ban ruwa zan wanke gonar, ya riƙe mini hannu. Ya ce akwai ƙananan halittu a ƙasa masu cinye mai, amma sai da iska suke aiki, ruwa kuwa toshe su yake yi.

Inna ta ce to a kwashe ƙasar kamar yadda aka yi a ƙauyen Dareta lokacin gubar haƙar zinariya. Ya durƙusa ya ce, "Inna, waccan dalma ce, ba ta ruɓewa. Wagga ƙasa iska kawai taka so."

Ya kafa bututai, ya haɗa ɗan injin sola mai hura iska ƙarƙashin ƙasa. Duk sati biyu sai ya zo da na'urar awonsa, da goron Inna a aljihu. Ko ruwan sha namu ba ya yarda mu wahala a kansa.

Ni kuwa gajen haƙuri gare ni, kowa ya sani.

Zuwansa na ƙarshe na tare shi a bakin gona. Na ce shekara ta zagayo, maƙwabta na yankan shinkafa, mu muna noman bututu. Na faɗi maganganun da ba zan iya rubutawa a nan ba.

Ya tona gefen bututu, ya damƙo ƙasa ya miƙo mini. "Shinshina ka ji, Nasiru."

Na juya baya na hau babur.

Yau da na ajiye waya, gonar na nufa. Na tona wurin da ya tona, na kai hanci. Babu warin mai. Ƙamshin ƙasa ne, har da tana tana motsi a tafin hannuna.

Injin yana nan yana hura iska. Ban san ranar da za a kashe shi ba, shi kaɗai ya san awon. Ban kuma san da wane baki zan gaya wa Inna ba, ita da ta yi ta cewa in je in ba shi haƙuri, ina cewa sai ya dawo.

Allah Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka tsare iyalinsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku haɗa da ni, ku roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini kafin ya tafi.