Gambar da ke iyakar gonarmu

A shekarar da rediyo ya ishe mu da gardamar ƙasar Afirka da za a ba gasar ƙwallo ta duniya, mu ma muna fama da tamu rigimar. Masu sharhi suna ta cewa ba kyan fili ake dubawa ba, ɓangare ne da aljihu. Ni dai ina bisa babur ɗina na kabu-kabu a bakin kasuwar Konni ina dariya, don wannan karatun a gida na koye shi.

Ƙungiyoyi bakwai ne daga yankunan Konni, Malbaza da Illela muke yin gasar balo, wato ƙwallo, bayan kaka, kowace da wakili ɗaya mai ƙuri'a. Ni ne wakilin ƙauyenmu, can gefen Tsarnawa. Kullum Konni ke karɓar baƙi, saboda wani Alhaji mai manyan motoci yana raba wa wakilai rigunan wasa da abin goro. A taron shekarar na miƙe na ce mu ma muna so. Aka kwashe da dariya har da tafi. Ni kuwa da saurin zuciya, na rantse a gaban kowa cewa ranar da za su zo duba fili za su tarar da shi.

Wakilan Illela biyu da ɗaya na Malbaza suka ja ni gefe. Sun gaji da Konni, za su ba ni ƙuri'a in zan rama musu baɗi. Sharaɗinsu ɗaya ne: filin ya cika awo, kada Alhaji ya sami abin kamawa.

Fili kuwa ba mu da shi sai gonar Baba. Ya ba mu aro bayan an yanke gero. Muka yi gayya, muka tumɓuke kututturan kara, mata suka share, muka tara toka don ja layi. Da na auna sai na tarar saura taki ashirin. Ta gabas gawo ne ya tsaya mana, ta yamma kuma gonar maƙwabcinmu ce. Shi da Baba sun shekara goma ko gaisuwa ba sa yi, a kan layin gambar da ke raba gonakin biyu, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya matsar da ita.

Na ɗauko gatari na nufi gawon. Baba ya tare ni.

"Aje gatarin ga. Iccen ga ya girme ni, ba a sara tai don balo."

"To Baba, in tahi in ce musu ɗanka maƙaryaci na?"

Ya juya ya tafi. Na kwana da haushinsa, har na ƙi cin tuwo kamar yaro.

Da hantsi muka gan shi ya saɓa hauya ya nufi ƙofar maƙwabcin. Ya yi sallama, sai da ya yi ta uku kafin mutumin ya fito.

"Yaran ga sun yi alkawali gaban mutane," in ji Baba. "Hilinka nika roƙo. Gambar kau ni ka tumɓuke ta da hannuna."

Mutumin ya shiga ya ɗauko tasa hauyar. Tsofaffi biyu suka sunkuya suna cire abin da suka shekara goma suna tsaro. Na ji kunyar gatarina, kuma ban taɓa alfahari da mahaifina kamar ranar ba.

Masu duba fili suka zo, mutumin Alhaji ya auna har sau biyu yana tsaki. Aka kaɗa ƙuri'a, muka ci huɗu da uku. Gasar kanta kada ku tambaye ni, wasan farko aka yi waje da mu. Amma garinmu ya cika maƙil, mata suka sayar da ƙosai har wake ya ƙare.

Abin da ya dame ni shi ne damina. Babu sauran alamar iyaka, na san kuma ni na jawo. Ranar ruwan shuka na bi Baba gona ɗauke da saiwar gamba. Muka tarar da maƙwabcin tsaye yana jira.

Baba ya karɓi gambar ya miƙa masa. "Dasa inda kas sani."

Mutumin ya mayar da hannunsa baya. "A'a, kai ka dasawa. Duk inda kas sa, nan na iyaka."