Gwiwar Ɗan Amurka a Filin Mafara

Ɗanasabe na Dosara ba shi da girman jikin da ake ba da labari. In ka gamu da shi kan hanyar gona da kalme a kafaɗa, ba za ka ce wannan ne ya hana samarin Maradun sakat ba. Gajere ne mai kaurin wuya, ga rowar magana kamar saye yake yi. Mahaifinsa Ɗantala ya yi kokawa a zamaninsa, ya yi suna daidai gwargwado, amma ko shi ya yarda ɗan ya fi shi. Yana shekara goma sha bakwai ya fara shiga fili, kuma kaka uku a jere ba a samu wanda ya kai shi ƙasa ba.

Abin da ya sa a gaba ɗaya ne: Gusau. A kakar da ya cika ashirin, aka shirya kokawar garuruwa uku a Talata Mafara, aka ce wanda ya yi zarra shi za a kai babbar gasa a Gusau. Ba a taɓa kai ɗan Dosara ba. Tun ana saura wata guda mahaifiyarsa Taiba ta hana shi cin komai a waje, Ɗantala kuwa ya riga ya ɗinka rigar da zai sa ya raka ɗansa.

Sai labari ya zo wai akwai ɗan Amurka a cikin masu shiga. Khalifa sunansa, ɗan wani likita haifaffen Mafara da ya daɗe a can. A can aka haifi yaron, a can yake kokawa a makaranta, kan wata shimfiɗa ta roba, kuma an ce shekara biyu kacal da farawarsa har ya fara tara lambobin yabo. Ya zo gaida kakarsa ne, samarin unguwa suka zuga shi ya tsaya wa Mafara. Hoton bidiyonsa ya zaga wayoyi har Dosara. Ɗanasabe ya kalla sau ɗaya, ya ga yadda yake naɗe mutane, ya miƙa wa mai wayar abarsa. Tsoro ya ji, kuma bai gaya wa kowa ba.

Ranar Talata bayan la'asar fili ya cika ya batse. Khalifa ya fito dogo, fari sol, kunnuwansa sun murɗe kamar busasshen tumatir. Da ya gaida alƙali da gurguwar Hausarsa aka bushe da dariya. Dariyar ba ta daɗe ba. Mutum biyu ya kada daga tsaye, kafin makaɗa su gama yi musu kirari. Ɗanasabe ma ya share nasa, na ƙarshensu Mukhtar na Bakura, wanda ya sha kaye a hannunsa har ya saba. Ya rage su biyu.

A filayen wannan yanki doka ɗaya ce, ko yaro ya san ta: banda tafin ƙafa, duk abin da ya taɓa ƙasa a jikinka, hannu ne ko gwiwa, an kada ka. Babu wanda ya gaya wa Khalifa. Ba mugunta ba ce. Wa zai zauna ya gaya wa ɗan kokawa kada ya durƙusa?

Alƙali Isma'ila, tsohon ɗan kokawa daga Birnin Tudu, ya busa usur. Suka sunkuya suna zagaya juna. Ɗanasabe ya miƙa hannu zai kama wuya, sai ya kama iska. Khalifa ya nutse, ya dafa gwiwar dama a ƙasa, ya sulale ya rungumi cinyoyinsa biyu. Abin da Ɗanasabe ya sani kawai shi ne ya ga kawunan mutane a ƙarƙashinsa, sannan bayansa ya daki yashi, numfashinsa ya ɗauke.

Fili ya yi tsit. Ganga ta tsaya a hannun makaɗi. Khalifa ya miƙe ya ɗaga hannuwa sama yana murmushi. Isma'ila ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya sunkuya ya kama hannun wanda ke kwance, ya ɗaga.

Ihun mutanen Dosara ya kusa tsaga kunne. Khalifa ya tsaya baki buɗe, yana kallon wannan yana kallon wancan.

"Ni na kayar! Ni!" in ji shi.

"Ɗana, yi haƙuri," in ji Isma'ila. "Gwiwakka tar riga bayan Ɗanasabe taɓa ƙasa. Tun can kah hwaɗi."

Wani ɗan'uwan Khalifa ya fassara masa. Ashe a can Amurka wannan durƙuson shi ne shigar da ake fara koya wa yaro, kuma ita ce ya ɓoye don karon ƙarshe. Da ya gane, sai ya dafe kai da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla.

Samari sun riga sun ɗaga Ɗanasabe sama. Gusau ta tabbata. Bisa doka nasara tasa ce tsaf, babu mai iya ja, ko mutanen Mafara sun fara juyawa za su tafi. Amma shi kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ce a sauke shi. Ya taka har gaban alƙali, yashi na zuba daga bayansa.

"Baba Isma'ila, an hwaɗa mai doka?"

"Wace doka? Wanga abu har hwaɗi akai?"

"To ba a hwaɗa mai ba ke nan. A hwaɗa mai, a sake."

Isma'ila ya ɗauka bai ji daidai ba. Shekara arba'in yana cikin fili, ya ga wanda ya faɗi yana roƙon a sake, amma bai taɓa ganin wanda ya ci ya roƙa ba. Magana ta bi fili daga baki zuwa baki, salati ya tashi ko'ina. Ɗantala ya keto mutane, hularsa a hannu.

"Kai Ɗanasabe! Lahiyakka ƙalau? Allah ya ba ka, ka ce ba ka so? Wuce mu tahi gida!"

Ɗanasabe bai taɓa saɓa wa mahaifinsa a gaban mutane ba. Ranar ya sunkuyar da kai, ya koma tsakiyar fili ya tsaya.

Isma'ila ya sa aka faɗa wa Khalifa doka, aka sake. Karo na biyu ya daɗe. Khalifa ba shi da damar dafa gwiwa yanzu, Ɗanasabe kuma ya daina tsoro. Sau biyu ya sarƙe ƙafar baƙon har ya yi taga-taga, mutanen Dosara suka miƙe tsaye. A na uku ya kai jiki da yawa. Khalifa ya zura hannu ta hammatarsa, ya juya masa ƙugu, ya ɗauke shi daga tsaye. Wannan karon a kan kafaɗa ya sauka, kuma na gaba-gaba duk sun ji ƙarar.

Babu wanda ya yi ihu, har mutanen Mafara. Khalifa ya durƙusa kusa da shi yana ta ba da haƙuri, Hausar ta ƙwace masa gaba ɗaya.

Abin takaicin bai tsaya nan ba. Khalifa bai ma san da maganar Gusau ba, jirginsa na ranar Juma'a ne. Ɗanasabe kuwa ƙashin kafaɗa ya karye, haɗin ya goce. Mukhtar na Bakura aka kai, wanda ko a mafarki bai taɓa kada Ɗanasabe ba. Kafaɗar ba ta sake komawa daidai ba, kuma Ɗanasabe bai sake shiga fili ba. Yana noma a Dosara har yau. Rabin gari na cewa wauta ya yi, sauran rabin in an tambaye su sai su girgiza kai.

Washegarin kokawar aka kai shi gidan mai ɗori a Maradun. Tun daga fili Ɗantala bai yi masa magana ba. Sai da mai ɗori ya shiga ɗauko kara da tsumma ya buɗe baki, idonsa na kan bango.

"Da ka yi shiru, da ba wanda zai ce komi. Mutum dubu sun ga an ɗaga hannunka."

"Na sani, Baba," in ji Ɗanasabe. "Amma ni naj ji ƙahwahuna sun bar ƙasa. Su ba su ji ba."

Mai ɗori ya fito ya ce a samo ƙarti biyu su danne shi, don ja zai yi. Ɗantala ya ce ba sai an kira kowa ba. Ya zauna a bayan ɗansa, ya rungume shi ta ƙirji da dukkan ƙarfinsa, ya ce a ja.